Gurbin Farar Mota

Layinmu a Wrexham gida goma sha huɗu ne,
jan bulo, kafaɗa da kafaɗa.
Titin na zamanin keke ne,
ba a auna shi da mota ba.

Shekara shida motar Gethin Pryce
tana kwana a bakin tagata,
fara, doguwa, tsani biyu a ka,
sunansa da lambar waya a jikinta,
harafi ɗaya ya ɓare, bai gyara ba.
In na ɗaga labule in ga yadda gari ya waye
sai in karanta: mai gyaran famfo.
Na haddace lambar nan
fiye da ta ɗiyata da ke Cardiff.

Na fara da takarda a ƙarƙashin waifa,
ruwan sama ya cinye ta.
Na sake wata, na sa a leda.
Ya zo da hula a hannu:
"Misis Ockenden, ina zan kai ta?
Kayan aikina na ciki, abincin yarana na ciki.
Ko a nan ɗin, da kunne ɗaya nake barci."
Na ce furannina ba sa ganin rana.
Ya dubi furannin, ya dube ni, ya tafi.

Sai na bi gida gida da biro.
Mutum tara suka sa hannu.
Emrys na lamba huɗu ya ƙi,
wai daren da bututunsa ya fashe, ƙanƙara na zuba,
Gethin ya zo da rigar barci, bai karɓi ko fam ba.
Na ce hanyar jirgi daban, ta mota daban.

Wata biyar hukuma na tauna magana
kafin a kafa allo a bakin layi.
Motar ta koma filin bayan masana'anta,
tafiyar minti ashirin a ƙafa.
Ran nan rana ta shigo falona ba sallama,
ta zauna a kujerar marigayi Hywel,
ta nuna mini ƙurar da ke kan hotonsa.
Na dafa shayi, na sha shi a tsaye,
kamar wadda ta ci zaɓe.

Ban san da fitilar titi ba.
Ashe motar ce ke tare mini ita.
Yanzu tana leƙo ni har gado,
ta ƙirga mini sa'o'in dare.
Ban san da ƙofar nan ba,
gurrr, ɓam, shida da kwata,
ashe da ita nake shan maganin hawan jini.
Sau uku ke nan ina mantawa.

Mako na uku ɓarayi suka je filin,
suka yanke gefenta kamar gwangwanin kifi,
ko sifana ba su bari ba.
Nerys, matarsa, ta gaya wa Emrys,
Emrys ya gaya mini ta kan shinge,
bai ƙara komai ba,
ya ci gaba da aske ciyawarsa.

Kullum biyar da rabi Gethin na wucewa,
jaka a kafaɗa, numfashi na hayaƙi.
In ya ga labule ya motsa, sai ya ɗaga hannu.
Da ma zagina ya yi.

Gurbin bai kwana biyu ba kowa ba.
Wata jar mota ce, ban san mai ita ba,
ko mage ta gifta sai ta tsala ihu.
Furannin dai sun buɗe, ba ƙarya,
rawaya shar, sun cika tukunya.

Tun Talata famfon kicin ke ɗiga.
Na ɗaure shi da tsumma, na tara kwano.
Ɗis. Ɗis.
Na ɗauki waya, yatsana ya san hanya,
ya danna biyar, ya danna shida,
na ajiye, na je na zubar da kwanon.